Sassaben da Na Aika Gida

Ni ban san baƙi ba, ban san boko ba. Abin da na sani sunayen itatuwa ne, sai kuma jera magana. To zan jera wannan yadda ta faru, mai riƙe da alƙalami ya bi ni a hankali, kada ya gyara min, kada ya rage inda laifin ya faɗo a kaina.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwaram, in an sauka a Basirka sai a hau babur. Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, ba a ganin ruwan koginmu sai an kutsa. Giyayya ce, ɓaure ne, kanya ce, ɗinya ce, ga ciyawar jema ta riƙe gaɓa kamar kitso. Muka sare. Ba zan ce suka sare ba, ni ma na tuƙa tuwo da giyayyar nan. Gona ta matsa, gona ta ƙara matsawa, har dawa ta leƙa ruwa. Sai kogi ya fara karɓar nasa. Kowace damina ya gutsuri gaɓa ya tafi, kowace damina ya dawo da yunwar da ta fi ta bara.

Gonata tana jingine da maƙabarta. Mace ba ta shiga, amma daga bakin gona ina hango inda aka kwantar da Malam, da 'ya'yana biyu da ya riga ya tarar a can. Wata damina kogi ya buɗe kaburburan gefe, maza suka tattara abin da suka samu suka sake suturtawa. Bayan wannan, abin da ya rage tsakanin ruwa da Malam bai fi tsawon igiyar guga ba. Tsakanin nan babu komai sai tsoffin kututture da 'yan kalgo da sabara masu rarrafe, waɗanda duk shekara ake sarewa su sake fitowa.

Gari ya kafa ƙungiyar gyaran gaɓa, manoma da masu shanu, maza da mata. Aka ba ɗan farina shugabanci. A nan sai in tsaya in faɗi wani abu, don a kansa labarin ya karye. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Ya yi furfura a gemu ban taɓa ɗora sunansa a harshena ba. In ina da magana sai in gaya wa matarsa Asabe, ko in fuskanci bango in ce, "A duba rumbu," shi kuma ya fuskanci ƙofa ya ce, "Za a duba."

Sau biyu ƙungiya ta samo dashe a baƙar leda daga birni. Muka shuka, muka yi ta jigilar ruwa a ka. Na farko awaki suka cinye, na biyu rana ta cinye. Ranar da aka zauna ana jimami a ƙofar Maigari, sai na tuna da Barira, wata mata daga Nijar da ke zuwa ci-rani da tabarmin kaba tana sauka a ɗakina. Ita ce ta taɓa tsayawa a gaɓar nan ta ce min, "Hajara, ku da ruwa kun rasa inuwa, mu da rairayi mun dawo da tamu." Na faɗi wannan a gaban mutane. Aka ce to lalle akwai wani iri a wajensu, a je a samo. Barira ta daina zuwa shekara biyu, kuma ni kaɗai na san sunan ƙauyenta, ni kaɗai za ta buɗe wa ciki. Aka ba ni buhu in ciko da iri. Ɗan farin ya aiko min da 'yar waya ta hannun Asabe, da lambarsa a takarda, na ƙulle takardar a gefen zani.

Aka damƙa ni amana ga direba, direba ya damƙa ni ga wani direba, kamar ƙunshin daddawa. Na Birnin Kudu mai ban dariya ne, ya ce, "Amaryata, ina za ki da buhu babu kaya? Yaji kika yi?" Na ce, "Yaji na yi, miji ya kasa cefane." Ya ce, "Da ni kika aura da ba a yi haka ba." Shi ya sayo min ƙosai, shi ya kama hannuna ya sa ni a motar Dutse. Daga Dutse zuwa Gumel ba wanda ya ce min kanzil. Ina ta taga ina ƙirga itatuwa da sunayensu, suna raguwa, suna raguwa, har na rasa abin kira. Na ce a raina, Hajara, kin baro inda ake da kaɗan kin nufi inda babu.

Maigatari na tarar da ita ranar kasuwa. Raƙuma, shanu, mutane masu rawani har hanci. Ina tsaye da buhuna sai wani mutum mai farar riga mai tsabta ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya tambayi inda za ni, na faɗa. Ya ce ai garin kakarsa ne. Ya ce, "Inna, wayar nan taki in kin tsallaka ta zama dutse. Kawo in sa miki layin can." Ya zaunar da ni a inuwar wata rumfa, har da kakkaɓe min benci, ya tafi da wayar. Na zauna. Aka kira azahar, na zauna. Aka kira la'asar. Mai rumfar, wata mai sayar da gyaɗa, ta ce, "Baiwar Allah, wa kike jira?" Na kwatanta shi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zuba min gyaɗa a tafin hannu ta ce, "Ci wannan." A nan na gane shi da wayar ba za su dawo ba. A gidanta na kwana. Da safe ta raka ni har inda ake shiga motar Dungas, ta ce wa direba ni yayarta ce.

A kan iyaka wani jandarma ya tambaye ni takarda. Na kwance gefen zani na miƙa masa lambar wayar, ita kaɗai ce takardar da nake da ita. Ya juya ta gaba da baya. Ya ce, "Tsohuwa, mi za ki yi a ƙasarmu?" Na ce, "Itace na zo roƙo." Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya ji. Ya ce, "Daga kudu aka zo arewa roƙon itace. Ga takardarki, wuce, Allah shi ba ki."

Tafiya ta yi tafiya. Mota ta kafe a rairayi sau uku, sau uku muna sauka. Daga Dungas amalanken shanu na hau, ya sauke ni a wani ƙauye mai sunan da na faɗa, ashe sunan ƙauyuka biyu ne, kuma wannan ba shi ba ne. Ba wanda ya san Barira. Hausarsu Hausa ce, amma sai na karkata kunne kafin in kama. Na zauna a gindin rijiya mai zurfin da ban taɓa gani ba, na tuna da ruwan koginmu da nake zagi kullum, na ji ina kewarsa kamar ɗan da ya ɓata min rai. Wata Bafillatana ta dama min fura ba ta tambaye ni ko sunana ba. Ta nuna min gabas da leɓe, ta ce in na bi sawun shanu zan isa kafin rana ta yi tsaka gobe. Na bi sawun shanu. Takalmina ya tsinke na ɗaure shi da kaba.

Tun daga nesa na san na iso. Gonaki ne a cikin rairayi, amma ko'ina gawo, ko'ina kalgo ya miƙe ya zama itace, ga aduwa, ga magarya, ba a jere ba, a warwatse kamar yadda Allah ke shuka. Na tsaya na dafa wani gawo na yi kuka, ban san ko na murna ba ne.

Na yi sallama a gidan da aka nuna min. Wata mace mai goyo ta fito, fuskar Barira sak. Na ce, "Ina uwarki?" Ta ce, "Ke ce Hajara ta kogi?" Na ce ni ce. Ta karɓi buhuna ta ajiye, ta shimfiɗa min tabarma, irin saƙar da na sani, sannan ta ce Barira ta rasu tun kaka waccan. Ita 'yar sunanta Rabi. Na yi gaisuwar da ta kamata, amma a cikina abin da nake cewa shi ne, wa zai ba ni iri yanzu. Allah ya yafe min.

Kwana uku ina karɓar gaisuwa kamar ni aka yi wa mutuwa. A na huɗu na faɗa wa mijin Barira abin da ya kawo ni. Malam Mamman sunansa, dattijo siriri mai ido ɗaya. Ya ɗaga buhuna ya leƙa ciki. Ya ce, "Wannan duk na iri ne?" Na ce e. Ya ce, "Ku mutanen Najeriya ko roƙo za ku yi sai da babban buhu." Ya ɗauki 'yar adda ya ce in biyo shi.

A gona ya tsaya kan wani kututture da ya fitar da toho birjik, irin wanda mu ke kira ƙazantar gona. Ya ce, "A garinku mi kuke yi da wannan?" Na ce, "Sarewa." Ya ce, "Shekara nawa kuna sarewa?" Na ce tun ina amarya. Ya ce, "Ya daina fitowa?" Na ce bai daina ba. Ya tsuguna. Ya ce, "To wanne dashen leda ne zai yi miki wannan naci? Saiwar wannan tana can ƙasa tana shan ruwa tun kafin a haife ki. Ba jariri ba ne, babba ne aka yanke wa kai. Abin da yake nema a bar masa hannu ɗaya ya miƙe."

Ya nuna min. Ya zaɓi toho uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Yana sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ya rage musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Ya ɗaura jan ƙyalle a kan babban, don mai noma da mai kiwo su san wannan yana da mai shi. Ya ce, "Shi ke nan. Ba ruwan da za ki ɗauko, ba leda. Shekara uku ya fi ki tsawo. Mu nan sassaben zamani muke ce mishi."

Na ce, "Ina irin?" Ya ce, "Kin baro shi a gida."

Na zauna a ƙasa. Na ga gaɓarmu a idona, kututture bayan kututture, tun daga mashaya har maƙabarta. Na ga na giyayyar da ke daidai kan Malam, wanda duk bazara yake fitar da toho muna zaginsa. Ashe shi ne yake riƙe da ƙasar. Ashe abin da na tsallaka iyaka nema, shekara da shekaru ina taka shi in wuce. Kwana biyar ina bin Malam Mamman gona, yana ba ni adda yana gyara min hannu. Yana cewa, "Ba kishiyarki ba ce, sassauta." Har na iya.

Ranar kasuwar wani gari da ke kusa, Rabi ta ce in zo a kira gida, su san ina raye. Ta roƙi wani ɗan kasuwa mai sayar da gishiri aron waya. Na kwance takardar na ba shi, ya danna, ya ce sai an hau tudu. Muka hau tudu. Ya ɗora min a kunne.

Muryar ɗan farin na ji. Ni na sa rai Asabe ce za ta karɓa.

Ya ce, "Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Na ce, "Asabe ba ta kusa?"

Ya ce, "Inna ce? Alhamdu lillahi. An yi ta kiran waya ba ta shiga. Asabe ta tafi kogi wanki."

Ko da yake ƙasa guda ce tsakaninmu, sai na ga na juya fuska gefe, na ja mayafi. Na ce, "An iso lafiya. An ga abin."

Ya ce, "An samu irin?"

Na ce, "Ba iri ba ne tukuna. Aiki ne. Sassaben zamani suke ce masa."

Ya ce, "Sassabe?"

Na ce, "Sassabe. A gaya wa mutane."

Ya ce, "To yaya ake..." Ban ji ƙarshen ba. Ba layi ne ya yanke ba, kada a rubuta haka. Ni na cire wayar daga kunnena na miƙa wa mai ita, don na ji maganar ta yi tsawo tsakanina da shi, kuma ga mutane suna kallo. Rabi ta ce, "Iya, shi ke nan? Duk tafiyar nan kalma biyu?" Na ce, "Jibi ina hanya, in na je na yi bayani a gaban kowa."

Jibi ta zo ta same ni a kwance. Zazzaɓi ya kama ni, irin mai karya gaɓoɓi, ya bi da gudawa. Rabi ta jiƙa min sabara, ta kai ni wajen mai allura a kan amalanke, ta wanke ni kamar uwarta. Kwana ya bi kwana, ban san lissafinsu ba. Zafin bazara ya sauka. Ranar da na fara iya zama, Malam Mamman ya zo ƙofar ɗaki gaishe ni. Muna cikin magana Rabi ta ba shi labarin wayar tana dariya, wai na yi wa ɗana magana kamar mai tsoron surukinta. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajara, a garinku in aka ce a yi sassabe, mi ake yi?"

Na ce, "A sare, a tono kututture, a tara a..." Ban ƙarasa ba.

Ya ce, "A sa wuta."

Na ce a kira gida yanzu. Na lalubi gefen zani, babu komai. Takardar tana hannun mai gishiri tun ranar, shi kuma ya yi arewa da jakunansa. Lambar ba ta kaina, ban san ko ɗaya daga cikinta ba.

Washegari na kama hanya, ban gama warkewa ba. Rabi ta yi kuka ta ce zan mutu a mota. Malam Mamman bai hana ni ba. Ya sa min 'yar addarsa a buhu, da tsummokaran jan ƙyalle da ya yayyaga, ya ce, "Wataƙila sun jira ki." Idonsa ɗayan bai yarda da bakinsa ba.

Ban tuna komai na dawowa ba sai addu'a guda da nake ta maimaitawa: Allah ka sa su yi kasala. Ni da na yi shekaru ina yi wa mutanen garinmu faɗan kasala. Dungas, Maigatari, Gumel, Dutse. A Birnin Kudu direban nan ya gan ni ya ce, "Amaryata ta dawo, buhun ma bai cika ba." Da ya dubi fuskata sai ya buɗe min gidan gaba.

Daga Basirka na hau babur. Tun kafin mu sauka gangaren na ji warin toka. Mai babur ya ce, "Inna, ai kin yi abin kirki. Gayya aka yi, kwana huɗu, har daga Zandam an zo taya mu. Ba a taɓa haɗa kai irin wannan ba." Muka karya kwana, sai ga gaɓa. Tun daga mashaya har maƙabarta, fes, kamar tsakar gidan amarya. Ramuka a jere inda aka tono kututture da diga, da tulin toka a tsakaninsu. Na giyayyar nan ya fi ƙarfin diga, sai suka tara masa kara suka cinna.

Mutane suka taru a ƙofar Maigari, mata suna guɗa. Maigari ya ce, "Hajara, mun cika namu. Ga wuri an gyara, sai iri. Buɗe buhu." Na zazzage buhun a gabansu. Adda ta faɗo, da jajayen tsummokara. Wani ya yi dariya yana zaton wasa ne. Sai na yi bayanin da ya kamata in yi a kan tudu. Na yi shi dalla-dalla, da toho uku, da sara daga ƙasa zuwa sama, komai. Na iya jera magana, na faɗa tun farko. Ban taɓa jera wadda ta fi wannan kyau ba, kuma ba ta da sauran amfani.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na samu abin riƙewa. Ardo, shugaban masu shanu, ya ce, "To me ya sa suka sa masa suna sassabe, abin da ba sassabe ba?" Ɗan farin yana zaune a gefe, tafin hannunsa duk kanta da ƙuna. Bai dube ni ba. Da yamma na ji shi ta bayan zana yana ce wa Asabe, ba da ƙarfi ba, "Da an ƙara min kalma ɗaya."

Aka yi abin da za a iya. Aka cika buhuna da yashi aka jera. Aka je har wani fadama aka cizgo jema aka dasa, amma jema tana son damina guda kafin ta kama ƙasa. Liman ya ce a ɗaga kaburburan da ke bakin ruwa zuwa tudu, aka sa ranar Asabar, bayan an gama shuka. Kowa ya ga akwai sauran lokaci, don ruwa biyu kawai aka yi mana, marasa ƙarfi.

Ranar Alhamis da hantsi, rana tana haske, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, kogi ya zo. Ruwan wasu ne daga can sama. Ina gonata ina shuka wake na ji ƙugi. Ya zo ja, da kumfa, da karan gonakin mutanen da ban sani ba. Ya shiga ramukan da aka tono kamar an haƙa masa su. Buhunan yashi suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Maza suka rugo da diga da shebur suka tsaya, don babu inda za a sa ƙafa. Gaɓa ta tsage daga sama, ta daɗe a tsage, har na ce ko za ta tsaya. Sannan ta zauna cikin ruwa a hankali, kamar tsohuwa za ta yi tahiya.

Ruwa ya tafi da Malam da yaran biyu, da wasu mutum shida na maƙwabta. Aka bi kogi kwana biyu, ba a samu abin suturtawa ba.

Kwanci tashi, damina ta zauna. Na daina fita. Rannan Asabe ta ce min gonata ciyawa za ta cinye, maigidanta ya tafi ya nome min. Ban san abin da ya tashe ni ba, na ɗauki buhun nan na bi shi. Rabin gonar ya tafi, sabuwar gaɓa tana tsakiyar inda nake shuka wake. Na hango shi a duƙe yana noma, yana tafe yana kaftawa, hannu yana yin abin da ya saba tun yana yaro. A gabansa, taku biyu, wani ɗan kututturen kalgo ne da wuta ta lasa ba ta cinye ba. Ya fitar da toho, jajaye-jajaye, ba su kai tsawon yatsa ba. Bai gan su ba. Ko ya gan su, ido ya saba ganin ƙazanta. Ya ɗaga fartanya.

Babu Asabe. Babu bangon da zan fuskanta.

Na ce, "Haruna."

Fartanyar ta tsaya a sama. Ya waiwayo yana neman wanda ya kira shi, ya duba bayana, ya duba hanya. Sai ya gane. Ya sauke hannu a hankali, mutum mai furfura, ya tsaya kamar an kama shi da laifi.

Na ce, "Zo ka tsuguna nan kusa da ni. Zan gaya maka, kuma in ban faɗa daidai ba ka tambaye ni, ka sake tambaya."

Ya tsuguna. Na nuna masa ukun da za a bari in sun yi ƙwari. Na ba shi jan ƙyalle, ya kafa tsinke ya ɗaura. Muka bi gaɓar tare har la'asar muna dubawa. Tun daga mashaya har inda maƙabarta ta tsaya a da, bakwai muka samu masu rai. Bakwai, a inda da ba sa ƙirguwa. Malam Mamman ya ce shekara uku su fi ni tsawo. Kogi kuma ba ya jiran shekara uku, ni ma ban ce zan jira ba.

Yanzu ina kiran sunan kullum, bakina ya saba, har yara sun daina kallona. Sai dai Malam da ya raɗa masa shi bai taɓa ji daga bakina ba, kuma ko wurin da zan tsaya daga nesa in ce ga inda yake, babu.